Neman kalmar Hausa: me za mu kira "akawuntabiliti" in ana maganar 'yan sanda?

Jama'a, salamu alaikum. Wata kalma ce ta tsaya mini a maƙogwaro tun shekaranjiya. An ba ni wata takarda kan gyaran aikin 'yan sanda in mayar da ita Hausa don shirin rediyo, kuma kusan kowane shafi sai na ci karo da abin da Bature ke kira akawuntabiliti. Na san abin da aka saba yi: a rubuta "gaskiya da riƙon amana" a wuce. Ni kuwa hannuna ya ƙi, shi ya sa na nemi shawarar jama'a, kuma wasu sun kawo kalmomi.

Dalilina shi ne riƙon amana hali ne, a zuciyar mutum yake. Mai shi yana da shi ko ana kallo ko ba a kallo, wanda ba shi da shi kuwa sai dai a yi masa addu'a. Abin da takardar ke nufi daban ne. Tana nufin a samu wani a waje, mai ikon tsayar da ɗan sanda ya ce masa: harsashi nawa aka ba ka da safe, nawa ka dawo da su, ina sauran suka tafi? Kuma dole ya amsa, in amsar ba ta gamsar ba wani abu ya biyo baya. Idan na ce "muna neman riƙon amana daga 'yan sanda", DPO, wato shugaban caji ofis, zai gyaɗa kai ya ce madalla, mu ma shi muke nema. Wa'azi kawai na yi masa.

Malam, Allah ya gafarta, na ga shawararka ta "hisabi", kuma ta fuskar asali babu wadda ta kai ta dacewa. Kalmar Turancin daga lissafi ta fito, Larabawa ma muhasaba suke cewa, tushensu ɗaya da hisabin namu. Matsalar a kunnen Bahaushe take. Ka ce hisabi, hankalinsa ya tafi ranar tsayuwa. Mu kuwa dama cutar da ke damunmu ke nan: a kama ɗan mutum, a karɓi kuɗin beli a ƙarƙashin allon da aka rubuta beli kyauta ne, uban ya fito ya ce Allah ya isa, sai mun haɗu a can. Za a haɗu a can ɗin, ba musu. Amma ina neman kalmar da za ta sa a fara haɗuwa a nan, ranar Litinin, a ofis mai kujera da magatakarda.

"Ɗaukar alhaki" da wata 'yar'uwa ta kawo ya fi kusa, sai dai shi mai laifin ne ke ɗauka in ya ga dama. "Bin diddigi" kuma aikin mai bincike ne kaɗai, bai ce komai kan wanda ake bi ba.

Yayana na Maraɗi ya tuna mini cewa kalmar da ake amfani da ita a Faransanci can wajensu daga bashi ta samo asali, wato mai mulki kamar wanda ake bi bashi ne. Wannan ya burge ni ƙwarai, don talakan da harajinsa ya sayi kaki da bindiga lallai yana bin bashin bayani. Amma gwada faɗin "bashin 'yan sanda" a rediyo ka gani, kowa zai ɗauka kuɗin fansho ake nufi.

Ga inda zuciyata ta fi kwanciya: ba'asi. Wasu na rubuta bahasi, duk ɗaya ne, daga Larabci muka aro ta tun da daɗewa har ta zama 'yar gida. Abin da ya ja ni gare ta shi ne tana da baki biyu. Akwai mai bin ba'asi, akwai mai ba da ba'asi. Ba ka ba da ba'asi kai kaɗai a ɗaki, sai an kira ka, kuma wanda ya kira ka yana da hurumin kiran. Wanda aka ce ya zo ya ba da ba'asi ba ya zuwa da fara'a.

Wani tsohon ɗan jarida ya yi mini gyara cewa ai ba'asi kalmar caji ofis ce, su 'yan sandan ne ke ɗaukar ba'asin wanda suka kama. Baba, wannan shi ne ma daɗin abin. Kowane Bahaushe ya san yadda ake zaunar da mutum a benci a ce ina kake daren jiya, wa ya gan ka. In ka ce masa yanzu ɗan sandan ne zai zauna a bencin, ba sai ka ƙara bayani ba.

Mu gwada ta a kan abin da ya faru da gaske. A watan Yunin 2005 'yan sanda suka harbe matasa 6 a Abuja, maza 5 'yan kasuwar Apo da mace 1, suka ce 'yan fashi ne. Da maganar ta tsaya a riƙon amana, da shi ke nan an binne ta tare da su. Sai aka bi ba'asi: gwamnatin Obasanjo ta kafa kwamitin bincike, aka gurfanar da jami'ai, a watan Maris na 2017 kotu ta yanke wa 2 hukuncin kisa ta sallami 3. Kusan shekara 12. Ana iya cewa ba'asin ya yi nawa, ana iya cewa manyan sun ci bulus, kuma duk jimlolin nan biyu sun zauna daram a Hausa. Haka in aka ce har yau ana neman cikakken ba'asin yadda Muhammad Yusuf, shugaban Boko Haram, ya mutu a hannun 'yan sanda a Maiduguri a Yulin 2009, ko na abin da ya faru da masu zanga-zanga a Lekki ta Legas daren 20 ga Oktoban 2020, kwana 9 bayan an sanar da rushe rundunar 'yan sanda ta SARS. Babu mai tambayar me kake nufi.

Kuma dokokin da ke ƙasa, in ka duba, duk hanyoyin bin ba'asi ne da ba mu cika sani ba. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana 1 in akwai kotu a tazarar kilomita 40. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta ce alƙalin majistare ya riƙa leƙa caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata ya ga su wa ke tsare. Dokar 'yan sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ta hana kama uba ko mata a madadin wanda ake nema. Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda tana da ikon ladabtar da kowane jami'i in ban da Sufeto Janar. Na taɓa kwana a bakin wani caji ofis saboda ɗan yayata, kuma wallahi a daren ko ɗaya daga cikin waɗannan ban sani ba.

Har muhawarar 'yan sandan jihohi kalmar tana warware mana ita. Tambayar ita ce ga wa za su ba da ba'asi. Yanzu gwamna na iya ba kwamishina umarni, kwamishinan ya ce sai an ji daga shugaban ƙasa, don haka ba'asinsa Abuja yake kaiwa. Masu tsoron a mayar da abin jiha kuma suna tuna 'yan dokan En'e na sarakuna, waɗanda ba'asinsu ke tsayawa a fada, da irin abin da 'yan jam'iyyar adawa ta NEPU suka gani a hannunsu kafin a haɗe su da 'yan sandan tarayya a zamanin Gowon.

Inda na yarda kalmar ta gaza shi ne hukunci. Mutum na iya ba da ba'asi ya kaɗe rigarsa ya koma bakin shingensa. Ƙanwata da ta ce a riƙa cewa "ba'asi da hukunci" ta yi gaskiya, a inda ake son nauyin ya fito duka haka zan rubuta. Kishiyar kuwa ba sai mun ƙirƙira ba, "cin bulus" na nan, "shafaffu da mai" ma na nan.

To ga yadda zan sa a takardar. Kanun shirin: 'Yan sanda da ba da ba'asi. Inda aka ce a riƙe su da laifinsu: a bi ba'asinsu. Inda aka ce babu wannan tsari: babu mai bin ba'asi. Mutanen Sakkwato da Damagaram da zangon Kumasi, in a wajenku ba'asi na ɗauke da wata ma'ana da za ta ba ni kunya a iska, ku faɗa mini kafin Alhamis, ranar za mu naɗi shirin.