Wadar zuci ta talaka ce kaɗai?

Maman Tagwaye: 'Yan'uwa, raina a ɓace yake. Wata uku ba a biya maigidana albashi ba. Ranar Lahadi fasto ya yi mana wa'azi daga Ibraniyawa 13:5, cewa mu yi wadar zuci da abin da muke da shi, Allah ba zai yashe mu ba. Ko amin ba mu gama cewa ba aka tashi baiko na biyu don sayen motar fasto. Shin wadar zucin tamu ce mu kaɗai? Gaskiya kuɗi ne tushen mugunta.

Malamin Lahadi: Mama, a gyara. 1 Timoti 6:10 bai ce kuɗi ba, son kuɗi ya ce.

Ɗan Mawaƙa: Malam, wa ka taɓa gani yana da kuɗi ba ya son su?

Malamin Lahadi: Ibrahim da Ayuba. An ƙwace wa Ayuba komai, ya yabi sunan Ubangiji.

Ɗan Mawaƙa: Kun ji ko? Koyarwar sababbin coci ke nan, kullum arzikin Ibrahim. Ka manta Matiyu 6:24? Ba a bauta wa iyayengiji biyu.

Malamin Lahadi: Wa kake kira ɗan sabon coci? Kakana da hannunsa ya buga tubalin majami'armu. Kai da ka koma birni sai Kirsimeti muke ganinka.

Shugabar Zumunta: 'Ya'yana, ku ji tsoron Allah. Ni dai ba na son a taɓa bawan Allah. 1 Korintiyawa 9:14 ya ce mai shelar bishara ya ci daga bishara.

Ɗan Mawaƙa: Mama, Bulus ɗin da ya rubuta haka ɗinkin tanti ya yi a Korinti don ya ci da kansa.

Shugabar Zumunta: Ni za ka koya wa Littafi? Ina zumunta tun ba a haife ka ba.

Maman Tagwaye: Ni fa maganar abincin yarana nake yi.

Dattijo: Ya isa haka. Abin da muka fahimta shi ne, Malam ya yi daidai, "son kuɗi" ayar ta ce. Yaran yanzu kuma su koyi ladabi a gaban manya. Fasto yana yawon ƙauyuka biyar a kan babur tun shekarun baya, ni shaida ne. Ƙofar baikon mota a buɗe take har ƙarshen wata.