Fasel ko TDK: indakta ce kaɗai ke raba muryar tsofaffin fedojin wah?

Sule_Mai_Jita ya rubuta:

Assalamu alaikum. Tambaya gare ni ga waɗanda suka saba buɗe cikin feda.

Tsofaffin fedojin wah biyu ne a hannuna, wato fedar da mai jita ke takawa da ƙafa ta sa sautin ya yi "wah-wah", dukansu samfurin Cry Baby. Ɗaya ƙirar Italiya ce ta kamfanin Jen, da jar indakta (naɗin wayar da ke cikin da'irar fedar) mai rubutun Fasel. Ɗayar ta Thomas Organ ce ta Amurka, indaktarta wani ɗan dunƙule ne mai kusurwa huɗu, ruwan ƙasa, an rubuta TDK 5103 a kansa. Jita ɗaya nake sa musu, waya ɗaya, amfilifaya ɗaya, kowacce da sabon batir, amma ko wanda bai san kiɗa ba zai ji bambancinsu.

Ta Italiyar idan na taka daga dunduniya zuwa yatsu, muryar a hankali take buɗewa, kuma akwai wani wuri a tsakiya da take yin kauri ta cika kunne, in na tsayar da ƙafa a nan ba na son matsawa. Ta Amurkar kuwa rabin takun farko kusan ba abin da ke sauyawa, sai na kusa kaiwa yatsu ta zabura gaba ɗaya ta yi tsini. Ba wurin da zan tsaya a tsakani.

Kowa na tambaya sai ya ce indakta ce, wai Fasel ce sirrin, TDK ba ta da daɗi. To in cire TDK ɗin in sa sabuwar Fasel da kamfanin Dunlop ke yi? In haka ne, ja ko rawaya? Gaskiya zuciyata ba ta son in kai ayan, wato ƙarfen narkar da dalma, kan allon da'irar da ya girme ni sai in da dalili mai ƙarfi.

Malam_Habu ya amsa:

Wa alaikumus salam. Sule, ajiye ayan ɗin tukuna. Abin da ka kwatanta bai yi mini kama da halin indakta ba.

Bari mu fara da lissafi, gajere ne. Indaktar wah an ƙaddara ta a kan 500mH, kafasitar da ke aiki tare da ita kuma 0.01uF ce. In ka haɗa biyun nan, inda za su fi amsawa yana wajen 2,250Hz, kusan nan ne ƙarshen sama idan yatsu suna ƙasa. Da ka koma dunduniya, bolum ɗin da ƙafarka ke juyawa, wato rasista mai juyi da ke cikin fedar, yana mayar da ƙarin sigina ta taransista ta biyu zuwa wannan kafasitar, sai da'irar ta riƙa ganin ta kamar ta ninka girmanta sau ashirin da wani abu, muryar ta sauko wajen 450Hz. Ka lura, indakta ba ta motsa ba ko kaɗan. Tana nan yadda take, bolum ne ke yin tafiyar. Don haka in matsalarka yadda tafiyar ta rabu ne a ƙarƙashin ƙafa, bolum za ka fara tuhuma, da haƙoran da ke juya shi.

Ko da indaktocin biyu sun bambanta da kashi 10 cikin ɗari, muryar kashi 5 kacal za ta gusa. Kunne zai iya jin wannan, amma ba zai mayar da tafiya mai santsi ta koma zabura ba.

Ga abin da nake so ka duba. Karanta rubutun da ke bayan bolum ɗin kowacce, 100k ya kamata ka gani, amma 100k ba duka ɗaya ba ne, domin yadda juriyar ke ƙaruwa daga farkon juyi zuwa ƙarshe ya bambanta. Tsofaffin fedojin Italiya da yawa bolum mai tambarin ICAR ne a cikinsu, kuma mutane na neman sa ne saboda wannan rabon. Sannan nemo rasistar da ke kwance gefe da gefe da indakta. Yawanci 33k ce, zobe uku duk ruwan lemo. Ita ke hana kololuwar muryar yin tsini da yawa, in aka ɗaga ta zuwa 68k ko 100k sai wah ɗin ta ƙara fitowa fili. Kada ka auna ta tana kan allo, mita za ta bi ta cikin wayar indakta ta nuna maka 'yan om kaɗan, ka ɗauka ta ƙone alhali lafiyarta ƙalau. Launin zobenta ya ishe ka yanzu.

Ka kuma duba lambar taransistocin. Na Italiya sau da yawa BC109 ne masu gwangwanin ƙarfe, na Thomas Organ ana yawan ganin 5117, na zamanin nan MPSA18. Ƙarfinsu ba ɗaya ba ne, kuma ƙarfin ta farkon yana da hannu a yadda dunduniya ke sauka.

Ɗanladi_67 ya amsa:

Malam, da girmanka, a nan ban bi ka duka ba. Lissafin daidai ne, amma lissafin yana ɗaukar indakta kamar lamba ce kawai, alhali waya ce aka naɗe a kan ferait, wato dunƙulen da ke ɗaukar maganaɗisu, kuma kowace irin naɗi da halinta. Kaurin wayar da yawan naɗin su ke ba da juriyarta, wata 'yan om goma sha ce, wata ta ninka haka sau da yawa, kuma wannan yana taɓa faɗin kololuwar. Ga kuma abin da R.G. Keen, masanin da'irar fedojin jita, ya rubuta tun da daɗewa bayan ya gwada tsohuwar Fasel: da aka matsa mata sigina, ɓangare ɗaya na igiyar ya riga ɗayan lanƙwasawa, ta fitar da ƙarin amo na biyu, mai ninki biyu na asalin sautin, wanda wata indaktar da ya gwada ba ta fitar ba. Shi ya danganta hakan da ɗan maganaɗisun da ya zauna a cikin ferait ɗin. Wannan ba tatsuniya ba ce, a na'ura ya gani.

Ni na sa soket a tawa fedar ina musanya indakta ba tare da taɓa komai ba, kuma ina jin bambanci, musamman in akwai fuzz, fedar da ke kaurara sauti, a layin. Ba babba ba ne, amma yana nan.

Yaya Sule, game da ja da rawaya, sababbin na Dunlop ba launi kaɗai ya raba su ba. Jar naɗin zobe ce, rawayar kuma irin mai kofi biyu ce da ke rufe wayar a ciki. Kada ka ɗauka sabuwar ja ita ce tsohuwar jar da ke cikin fedarka ta Jen, suna ne da launi suka zo ɗaya.

Malam_Habu ya amsa:

Ɗanladi, ban ce indakta ba ta da murya ba, kuma gwajinka na soket shi ne hanyar da ta dace, tunda abu ɗaya kake sauyawa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauki fedoji biyu da suka bambanta a bolum, a taransista, a kafasita, a shekaru, sannan a ɗora komai a kan abin da ya fi suna a cikinsu.

Tun asali ma da'irar ba a gina ta a kan wata indakta ta musamman ba. Injiniya Brad Plunkett ya fito da ita ne a Thomas Organ a 1966, yana aiki a kan sashen ƙara muryar tsakiya na amfilifayar Vox, kuma fedar da ta fito a 1967 da sunan mai busa ƙaho Clyde McCoy an fi sanin ta da indaktar da ake kira halo, ba Fasel ba. Ban da ita, an yi mai kamar gwangwanin fim, an yi wadda ake kira stack of dimes a na Amurka, an yi TDK, an yi Fasel kala-kala. Kowacce a cikinsu akwai fedar da ke ɗauke da ita da masu ita ba za su rabu da ita ba. Ko Fasel biyu na shekara ɗaya in ka auna ba lallai su ba ka lamba ɗaya ba.

Akwai kuma tsufa. Rasistocin kabon suna hawa sama da lambarsu in sun daɗe. Akwai wata kafasita mai ruwa, 4uF ko 4.7uF, da ke kusa da indakta, in ta bushe wah ɗin sai ta raunana, in ta mutu gaba ɗaya fedar ta koma ta ƙara sauti da rage shi kawai. Na sha ganin an sayi indakta mai tsada saboda wannan 'yar kafasitar.

Inda na yarda indakta na nuna kanta ƙarara shi ne wajen ƙugi. Ajiye feda kusa da taransifoma ka ji, wata tana kwasar ƙugin sosai, mai naɗin zobe kuwa ta fi kamewa.

Sule_Mai_Jita ya amsa:

Malam, Allah ya saka da alheri. Ɗanladi, na gode ƙwarai, batun ja da rawaya ya fita mini yanzu.

Na kwance faifan ƙasan duka biyun na haska da tocila. Rasistar gefen indakta lemo uku ce a kowacce, wato 33k, nan babu bambanci. Ta Italiyar bolum ɗinta na asali ne, dalmarsa ta dushe kamar ta sauran allon. Ta Amurkar kuwa dalmar da ke ƙafafu ukun bolum ɗin tana ƙyalli, wayoyin ma sababbi ne masu laushi, kuma a bayansa an buga B100K. Ke nan wani da ya riƙe ta kafin ni ya sa mata bolum na gama-gari wanda juriyarsa ke tafiya daidai wa daida daga farko zuwa ƙarshe. TDK ɗin tana nan daram da tsohuwar dalmarta, ba wanda ya taɓa ta.

Zan nemo bolum ɗin da aka yi domin wah, in bar komai yadda yake in saurara. In ma daga baya na so gwada Fasel, sai in bi hanyar Ɗanladi. Tambayar da ta rage mini, Malam: in zan ɗaura sabon, ta yaya zan san haƙorin da zan zaunar da shi?

Malam_Habu ya amsa:

Wannan B100K ɗin ya bayyana zaburar da kake ji. Kusa da yatsu ɗan juyi kaɗan yana gusar da murya da nisa, shi ya sa bolum ɗin wah ake yin sa ya tafi sannu a wannan ɓangaren.

Wajen ɗaurawa, sassauta ɗan robar da ke danne sandar haƙora, ka janye sandar daga kan giyar. Taka fedar har ƙasa ta danna makunni, ka riƙe ta a nan. Juya bolum da hannu zuwa ƙarshensa na sama, sannan ka dawo da shi baya da haƙori ɗaya kafin ka mayar da sandar. Dalilin shi ne kada nauyin ƙafarka ya riƙa dukan ƙarshen bolum duk lokacin da ka kunna, in ba haka ba ba zai yi ƙarko ba. In ka kaɗa ka ji saman ya yi maka kaifi, ƙara haƙori ɗaya baya, za ka rage tsini ka samu ƙarin kauri a dunduniya. Shafa ɗan farin giris a haƙoran, kada ya taɓa cikin bolum.

Tunda ayan zai yi zafi, ɗaga ƙafa ɗaya ta kafasitar 4uF ɗin ka auna ta. In ka canza ta, kula da gefen ƙari da ragi, tsohuwar kuma ka sa ta a 'yar leda ka ajiye tare da fedar.