Mujallar ilimi a hannun ɗaliban manyan digiri a Kaduna: ta ina za mu fara?

'Yar Kakuri ta rubuta:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa ɗalibai. Mu wasu ɗaliban digiri na biyu da na uku ne mazauna Kaduna, cikinmu akwai masu nazarin tarihi, da tattalin arziki, da kimiyyar sinadarai, da harshe, kuma yawancinmu a ɗakin karatu na Arewa House muka san juna. Muna so mu kafa mujalla wadda ɗalibai za su riƙa gudanarwa, ta karɓi maƙalun da suka haɗa fanni fiye da ɗaya. Abin da ya jawo tunanin shi ne aikin wani ɗan'uwanmu a kan durƙushewar masaƙun Kakuri: wata mujallar tarihi ta mayar masa da shi ta ce lissafi ya yi yawa, wata ta tattalin arziki kuma ta ce labari ne zalla. Tambayata ita ce, wa zai tantance irin wannan maƙala tun da mu duka ɗalibai ne? Wace rajista ake bukata? Kuma shin abin da aka buga a mujallar ɗalibai zai samu karɓuwa wajen kammala digiri?

Tsohon Edita ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Ɗalibai su riƙe mujalla ba sabon abu ba ne, domin Harvard Law Review ta Amurka tun 1887 ɗalibai ne ke gudanar da ita. Sai dai ina so ku gyara abu guda tun daga tushe. Mujallar da ta ce tana karɓar kowane fanni, yau maƙala a kan takin zamani, gobe a kan karin harshen Zazzaganci, ba ta haɗa fannoni ba, ta dai jera su kamar kayan koli, kuma babu mai karanta ta daga farko zuwa ƙarshe. Haɗa fannoni na gaskiya yana faruwa ne idan tambaya ɗaya ta fi ƙarfin fanni ɗaya. Ku ɗauki Kogin Kaduna: mai kimiyyar sinadarai zai auna abin da masana'antu suka zuba a ruwan, mai tarihi zai shiga ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke nan Kaduna ya ga yadda aka tsara Kakuri bayan buɗe masaƙar farko a 1957, mai tattalin arziki kuma ya bi sawun ma'aikatan da suka rasa aiki ya ga me suka koma yi. Idan kowace fitowa ta tsaya a kan tambaya irin wannan, to kun sami dalilin kafa mujalla.

Game da tantancewa, kada ku bari ɗalibi shi kaɗai ya yanke hukunci a kan aikin ɗalibi. Ku tura kowace maƙala ga mutum biyu daga fannoni biyun da ta taɓa, aƙalla ɗayansu mai digiri na uku, a cire sunan marubuci, shi ma kada ya san su. Ku rubuta wa kowannensu a fili ɓangaren da kuke so ya duba, domin in ba haka ba mai tarihi zai nemi a mayar da maƙalar tarihi tsantsa, ku koma inda kuka baro. Aikin editan ɗalibi shi ne ya karanta rahotannin biyu, ya ga inda suka ci karo, ya gaya wa marubuci wanne gyara ne dole, wanne kuma shawara ce. Wannan aikin ya fi aji guda na darasin dabarun bincike koyar da mutum, kuma a ganina shi ne babbar ribar da za ku samu.

Ma'aikaciyar Laburare ta amsa:

Malam ya gama magana a kan tantancewa, bari in taɓa rajista. Abu na farko shi ne lambar ISSN, wato lambar shaidar mujalla mai alƙaluma 8, wadda a Najeriya Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayarwa, kuma bugun takarda da na intanet kowanne da lambarsa. Wajen karɓar maƙalu da bin diddiginsu, akwai manhajar OJS, wadda aka ƙirƙira a Kanada kuma kyauta ce, sai dai kuna bukatar inda za a ɗora ta, don haka gara ku nemi laburaren jami'arku ya ɗauki nauyin wannan maimakon ku saye wuri da sunan ɗalibi guda. Lambar DOI kuwa, wato lambar dindindin da ake gano kowace maƙala da ita a intanet, ƙungiyar Crossref ce ke bayar da ita mafi yawanci, saboda haka ku tambaya ko jami'ar ta riga ta zama mamba. Kowane marubuci ya buɗe ORCID, wato lambar shaidar mai bincike, kyauta ne.

Bayan kun ɗan yi nisa za ku iya neman shiga rumbunan mujallu na intanet irin su AJOL, wadda aka fara a 1998 don mujallun Afirka, da DOAJ, wadda ta samo asali a Jami'ar Lund ta Suwidin a 2003. DOAJ tana da sharaɗi na musamman a kan mujallar ɗalibai: dole a sami kwamitin mashawarta mai aƙalla mutum biyu masu digiri na uku ko makamancinsa. Tana kuma sa iyaka a kan yawan maƙalun da editoci da masu tantancewa za su buga a mujallarsu. Ku lura da wannan sosai, domin idan fitowar farko ta cika da sunayenku, duk mai dubawa zai ce kun kafa ta ne don biyan bukatar kanku.

Ɗan Tudun Wada ya amsa:

Ni dai, 'yar'uwa, ba zan hana ku ba, amma ina shekarar ƙarshe ta digiri na uku, kuma ba zan sa babi mafi ƙarfi na kundina a sabuwar mujalla ba. Sashe da yawa yana da jerin mujallun da yake amincewa da su, wasu ma sai wadda take cikin Scopus, wani babban kundin mujallun duniya, kuma maƙala idan ta fita a wuri ɗaya ba a sake buga ta a wani. Kafin kowa ya miƙa aikinsa, ya je ofishin makarantar manyan digiri ya nemi ƙa'idar a rubuce, ya kuma sanar da malamin da ke duba aikinsa. Sannan ku guji sa kuɗin bugawa tun da wuri. A 2013 ɗan jarida John Bohannon ya tura maƙalar bogi ga mujallu 304 masu karɓar kuɗi, 157 suka amince da ita, kuma tun daga nan duk sabuwar mujallar da ta haɗa karɓar kowane fanni da neman kuɗi da alƙawarin bugawa cikin mako biyu, kallon 'yan damfara ake yi mata.

'Yar Kakuri ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, ranka ya daɗe, mun karɓi shawarar tambaya ɗaya a kowace fitowa. Abin da ya rage mini shi ne, yawancinmu za mu kammala nan da shekara biyu. Yaya za a yi mujallar ta rayu bayanmu?

Tsohon Edita ya amsa:

Nan ne mafi yawan irin waɗannan mujallu ke mutuwa, bayan fitowa ta biyu ko ta uku, sa'ad da wanda ke riƙe da kalmar sirrin shafin ya kare kundinsa ya tafi neman aiki Abuja. Kada editoci duka su zama waɗanda suka shigo shekara ɗaya: kowane babban edita ya sami mataimaki daga waɗanda suka shigo bayansa, su yi fitowa guda tare kafin ya miƙa. Adireshin imel da kalmomin sirri su kasance da sunan mujalla, kwafinsu na hannun laburare da malami ɗaya na kwamitin mashawarta. Ku rubuta ƙa'idojinku, har da abin da za a yi idan an kama satar fasaha ko kuma idan marubuci abokin edita ne; jagororin COPE, kwamitin ɗa'ar wallafa bincike, suna nan kyauta a intanet, za ku iya ɗora naku a kansu. Kuma ku fara da fitowa ɗaya a shekara, maƙala biyar ko shida. Kafin ku yi shelar neman maƙalu, ku tabbata malaman da za su tantance sun amsa muku a rubuce, kowanne da fannin da ya yarda zai duba.