Gudun bel a injin wasa wuƙa: nawa ne daidai?

Sabon Hannu:
Assalamu alaikum masana. Ina haɗa injin wasa mai bel 2x72 (faɗi inci 2, tsawo inci 72) don aikin wuƙa. Motona na juyi 1,440 a minti, fulin da ke jan bel kuma inci 4 ne. Wannan gudun zai wadatar? Sannan regileta irin ta fanka za ta iya rage gudun ko ƙara shi?

Mai Guduma:
Wa alaikumus salam. Fara da lissafi: juyin moto sau faɗin da'irar fuli (diyamita) a inci, sau 0.262. Abin da ya fito shi ne ƙafa nawa bel ke gudu a minti. Naka ya kama kusan 1,500. Gudun gyaran fuska ne wannan, ba na cin ƙarfe ba.

Bel na siramik mai lambar kaushi 36 ko 60 (ƙaramar lamba ta fi kaushi), irin su Cubitron II da Norton Blaze, yana son ƙafa 4,000 zuwa 6,000, kuma a danna da ƙarfi. An yi ƙwayoyinsa ne su riƙa farfashewa suna fitar da sabon kaifi. In gudu ya yi kaɗan ba sa fashewa, sai su dakushe, bel ya yi sulɓi, ƙarfe na zafi amma ba ya ciwuwa. Ko fuli kawai ka canza zuwa inci 7, za ka kai wajen 2,600.

Injiniyan Waya:
Malam, ka bar maganar regileta. Gudun irin wannan moto yana bin mitar wuta ne (frequency, wadda ake aunawa da Hz), ba ƙarfinta ba. Ka rage wutar, ƙarfinsa ne zai faɗi, ya ɗau zafi, koyil ya ƙone.

Hanya biyu ce. Mai sauƙi ita ce fuli mai hawa uku, amma sai ka kashe inji kafin ka matsar da bel ɗin da ke tsakanin moto da shaf. Ta biyu, VFD (na'urar da ke canza mitar wuta) da moto mai fes uku, mai ƙarfin doki 1.5 zuwa 2. Da fuli inci 7, in ka kai mita 100 Hz za ka samu kusan 5,300. Sai dai da ka wuce 50 Hz ƙarfin murɗawa yana raguwa, in kuma ka daɗe a ƙaramin gudu sosai fankar moto ba ta sanyaya shi. VFD ɗin ya zama rufaffe, irin KBAC-27D, ko ka yi masa akwati nesa da inji, domin ƙurar ƙarfe na shiga ciki ta haɗa wuta.

Baban Kaifi:
Abin da suka faɗa haka yake, amma ɓarna ta fi yawa bayan an ba wuƙa tauri. A nan ka sauko ƙasa da 2,000, ka sa sabon bel, ka cire safar hannu don yatsunka su ji zafi, kuma duk ja ɗaya ka tsoma a ruwa. Bakin wuƙa da tsininta sirara ne, nan take suke ɗaukar zafi. Da ka ga shuɗi a baki, wurin ya kai wajen digiri 300 na Salshiyas, taurin ya tafi. Goge launin ba ya dawo da shi.

Lamba 220 zuwa sama da ƙotar katako, kusan 1,000 ya isa, in ba haka ba itacen ya ƙone ya yi baƙi.

Ƙananan tayoyin da bel ke bi ta kansu kuma, juya lissafin Mai Guduma: taya mai rabin inci a gudun 4,000 tana juyi sama da 30,000 a minti. Boris ɗinta ba zai jure ba, don haka rage gudu tun kafin ka ɗaura ta.