An zaftare min kuɗin Tier 3

Baban Ummi, Nima:
Salam jama'a. Shekara 6 ina zuba Tier 3, wato asusun fansho na ganin dama a nan Ghana, ta wurin aiki, na ciri sidi 4,000 zan biya haya, 3,400 kacal suka shigo wayata wai haraji. Kuɗina fa!

Hajiyar Aboabo:
Ƙanina ba cuta ba ce. Sanda kake zubawa ba a cire masa haraji ba, to in ka taɓa kafin shekara 10 kashi 15 cikin 100 na hukumar haraji GRA ne, ko kaɗan-kaɗan kake ɗiba kowace cira sai an yanka.

Mai shago:
Mu 'yan kasuwa namu shekara 5 ne dai.

Baban Ummi:
Kash Hajiya, da na sani da kuɗin susu na jira, 600 fa.