Aiki ta intanet daga Maraɗi: yana riƙe gida kuwa, kuma ta ina kuɗin ke shigowa?

Ɗan Bagalam:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Na kammala karatu a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ina iya fassara tsakanin Faransanci da Hausa, kuma ina zana alluna da takardun talla a kwamfuta. Aikin gwamnati bai samu ba, mahaifina kuwa yana so in zauna shagonsa a babbar kasuwa. Wani abokina na fada ya nace cewa mai irin wannan sana'a yana iya yi wa Turawa aiki daga ɗakinsa a biya shi da yuro, har ma ya riƙa yawo ƙasa-ƙasa da kwamfutarsa yana aikin a duk inda ya sauka. Abin da nake son sani shi ne ko akwai wanda yake ciyar da iyali da wannan aiki a nan Maraɗi, ba a Yamai ko Dakar ba, kuma idan an yi aikin, ta wace hanya kuɗin ke isowa hannun mutum. Maganar yawon ma ina son jin gaskiyarta, domin ban san yadda zan fuskanci mahaifina da zancen da ni kaina ban tabbatar da shi ba.

Mai Fassara ta Zariya:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni a unguwar Zariya ta nan Maraɗi nake, kuma da fassara nake biyan kuɗin makarantar ƴaƴana, saboda haka amsar tambayarka ta farko ita ce akwai, sai dai ba ta hanyar da abokinka ya kwatanta maka ba. Mafi yawan aikin da ke shigo mini ba daga Turai yake zuwa ba. Yana zuwa ne daga ƙungiyoyin agaji da na raya karkara da ke aiki a jiharmu da Damagaram da Tawa, waɗanda kullum suke buƙatar a mayar musu da saƙonnin rigakafi, na abinci mai gina jiki da na noma zuwa Hausar da mutumin Madarumfa ko Dakwaro zai ji ba tare da an sake yi masa bayani ba. Suna kuma buƙatar wanda zai saurari hirarrakin da aka ɗauka a ƙauyuka ya rubuta su, sannan ya fassara. Wannan aiki ne mai cin lokaci, domin hirar awa ɗaya tana iya cinye maka yini, musamman idan tsofaffi ne ke magana ana iska ko awaki na kuka a bayansu, amma ana biya, kuma ana biya da sefa, ta banki ko ta kamfanonin aika kuɗi na Nita da Amana, ba tare da kuɗin ya ƙetare wata iyaka ba.

Tun da kundin da aka amince da shi a 2025 ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi suka koma harsunan aiki, ina sa ran buƙatar masu rubuta Hausa da kyau za ta ƙaru, ko da yake ba na son in yi maka alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Abin da na tabbatar shi ne masu jin Hausa suna da yawa, masu iya rubuta ta bisa ƙa'ida kaɗan ne. Idan kana rubuta ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata, kana raba kalmomi daidai, kuma ka san cewa a Nijar ana rubuta ƴ inda a Nijeriya ake sa ɗan waƙafi kafin y, to ka riga ka wuce da yawa daga cikin masu neman aikin. Ka riƙa tambayar mai aiki tun farko ko wane ɓangare ne zai karanta rubutun, domin kalmomin aro ma sun bambanta, kuma takardar da aka cika da aron Faransanci ba za ta yi amfani a Katsina ba.

Shawarata ita ce kada ka bar shagon mahaifinka yanzu. Ƴan kasuwar da ke kewaye da shi su ne masu sayen zanenka na farko, domin kowane mai sayar da atamfa ko takin zamani yana son hoton da zai sa a WhatsApp. Ka tara ayyuka masu kyau da za ka nuna, ka karɓi kafin alƙalami ko da rabin kuɗin ne, kuma ka sa a rubuta abin da aka yi yarjejeniya a kai ko da a saƙon waya ne. Wanda ya ƙi ba da kafin alƙalami, sau da yawa shi ne wanda zai ce a sake aikin har ka gaji ka bar masa.

Injiniya Ali Ɗan Sofo:

Hajiya ta faɗi gaskiya game da fassara, amma ina da ɗan saɓani da ita kan kasuwar waje, domin ni daga can nake samun abincina, ina gina wa ƙananan kamfanoni shafukan intanet. Kasuwar gida tana da iyaka, kuma ana yawan haɗa ciniki da zumunci, har a ce maka ai ɗan wane ne, a biya ka da addu'a. A waje ba wanda ya san mahaifinka, aikin kawai ake dubawa. Sai dai dole ka shiga da lissafi. A dandalin intanet da ke haɗa masu aiki da masu ba da aiki, Fiverr yana cire kashi 20 cikin ɗari na duk abin da aka biya ka, kuma sabon shiga yana jira kwana 14 bayan kammala aiki kafin ya iya taɓa kuɗinsa. A Upwork kuwa neman aikin ma da kuɗi ake yi, domin kowace takardar neman aiki tana cin wasu maki da ake saye. Ga mai Faransanci akwai ComeUp, wanda a da ake kira 5euros, inda ƴan Benin da Kodebuwa da Madagaska suka cika, kuma gasar farashi a can tana da zafi ƙwarai.

Maganar isowar kuɗi ita ce wurin da mutane da yawa suke faɗuwa bayan sun sha wahalar aikin. Kafin ka karɓi aikin kowa, ka buɗe asusun banki da sunanka kamar yadda yake a katin shaidarka harafi da harafi, ka je da kanka ka tambayi ma'aikacin banki nawa suke cirewa idan kuɗi ya shigo daga waje, domin idan cajin tsayayye ne, cire ƙaramin kuɗi sau da yawa hasara ce, gara ka tara ka cire gaba ɗaya. Yawancin masu aiki a waɗannan dandali ta Payoneer, kamfanin karɓa da aika kuɗi ta intanet, suke bi zuwa banki. Kada ka dogara da takwaransa PayPal kafin ka tabbatar cewa asusun da aka buɗe da adireshin Nijar yana karɓar kuɗi, domin a ƙasashen Afirka da dama aikawa kawai yake yi. Muna da sa'a guda wadda maƙwabtanmu ba su da ita: sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, saboda haka aikin yuro 100 jika 65 ne da ɗoriya yau da gobe, kafin a cire la'ada. Dala kuwa tana hawa tana sauka, shi ya sa nake fifita masu biya da yuro. Agogonmu ma ɗaya ne da na Faransa a lokacin sanyinsu, a lokacin zafinsu kuma awa ɗaya suke gaba da mu, ke nan ba sai ka raba dare kana jiran saƙo ba kamar mai yi wa Amurkawa aiki.

Sai wuta da intanet. Wutar yankinmu ta layin Katsina zuwa Gazawa take shigowa, kuma kowa ya tuna yadda aka kasance daga Agustan 2023 lokacin da Nijeriya ta yanke ta bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har sai bayan da aka ɗage takunkumi a Fabrairun 2024. Mai ba ka aiki a Liyon ta Faransa bai san wannan ba, kuma ba ruwansa, ranar da aka yi alkawari ita yake jira. Kwamfutar hannu ba ta cin wuta sosai, wat 45 zuwa 65 ne galibi, don haka allon sola matsakaici da batir mai kyau sun isa su riƙe ta tare da waya da fanka. A ganina wannan ya fi sabuwar kwamfuta muhimmanci a kuɗin farko da za ka samu. Ka riƙe layin waya biyu na kamfanoni daban-daban, idan ɗaya ya yi rauni ka koma ɗayan. Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ya fara aiki a Nijar a 2025, amma ga mai farawa kuɗin na'urar da na wata-wata sun yi nauyi, sai dai idan ku da yawa ne za ku haɗa hannu. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke wuce digiri 40, ka mayar da aiki mai nauyi zuwa bayan asuba da bayan isha'i, kuma da hunturu ka riƙa rufe kwamfutar saboda ƙura.

Gargaɗi ɗaya: duk wanda ya ce ka biya kuɗin rajista kafin a ba ka aiki, ɗan damfara ne. Haka kuma wanda ya ce ka ba shi hayar asusunka, ko ka ɓoye inda kake ka nuna kana Faransa, yana jawo maka rufe asusu ne tare da kuɗin da ke ciki, domin dandalin yana neman katin shaida, wani lokaci har da hira ta bidiyo.

Baba Malam na Mokoyo:

Ɗana, ni ba ma'abocin wannan sana'a ba ne, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, amma ɗana yana yin ta, kuma na bi maganar yawon da kyau lokacin da shi ma ya zo mini da ita. Ƙasashe da dama sun buɗe biza ta musamman ga masu aiki daga nesa. Estoniya ta fara a 2020, Fotugal ta biyo a 2022, a Afirka ma akwai Morishus da Kef Bad da Namibiya. Amma sharaɗin yawancinsu shi ne ka nuna kana samun kuɗi mai yawa kowane wata daga wajen ƙasarsu. Fotugal tana neman ninki huɗu na mafi ƙarancin albashinta, abin da ya haura yuro 3,000, wato kusan sefa miliyan 2 a wata. Wannan tsari an yi shi ne domin Bature mai albashin Landan ko Balin ya je inda rayuwa ta fi araha ya ci ribar bambancin. Kai kuwa ka riga kana zaune a inda rayuwa ta fi araha, kana cin tuwon gidanku, ba ka biyan haya. Idan ka ɗauki kuɗin da zai wadace ka a Maraɗi ka kai shi Lizbon, a hayar ɗaki zai ƙare.

Ban ce kada ka taka ko'ina ba, domin garin nan da fatauci aka gina shi, kuma alhazanmu sun san Kano da Kwatano da Dubai kamar tafin hannunsu. Amma ba wanda ya fita a cikinsu sai da ya san abin da zai sayo da wanda zai saya. Idan aikinka ya kafu, zuwa Yamai ko Kano na ɗan lokaci domin horo ko ganin masu ba ka aiki ido da ido abu ne mai amfani. Game da mahaifinka kuma, kada ka je masa da labarin Turawa. Ka nemi ya bar maka wasu awoyi a yini, ka riƙe masa lissafin shago a kwamfuta, sannan ranar da kuɗin farko ya shigo ka kai masa takardar banki ya gani da idonsa.

Ɗan Bagalam:

Na gode ƙwarai, Hajiya, Injiniya da Baba, Allah ya saka da alheri. Zan zauna shagon da safe in yi nawa aikin da yamma. Saura tambaya ɗaya: wata ƙungiya ta taɓa tambayata ko ina da lambar haraji kafin ta ba ni fassara, na ce ba ni da ita, maganar ta tsaya nan. Shin wajibi ne mai aiki shi kaɗai ya yi wannan rajista, ko sai harka ta girma?

Mai Fassara ta Zariya:

Ƙanena, ga ƙananan ayyukan kasuwa ba wanda zai tambaye ka, amma ƙungiyoyi da ofisoshi suna da masu binciken kuɗi a bayansu, kuma ba sa iya fitar da kuɗi sai da takardar biya mai ɗauke da lambar harajin, wadda ake kira NIF. Rashinta ne ke sa ƙwararru da yawa su koma aiki a ƙarƙashin wani mai rajista, shi ya karɓi kwangilar, ya ba su abin da ya ga dama. Ka je ofishin haraji na nan Maraɗi da katin shaidarka, ka gaya musu ainihin sana'arka da kimanin abin da kake samu, ka tambayi rukunin da ƙaramin mai sana'a yake shiga da abin da zai riƙa biya a shekara kafin ka sa hannu a komai. Ka kuma tambayi kowace ƙungiya ko tana cire wani kaso na haraji daga kuɗinka tun kafin ta biya ka, idan tana cirewa ka karɓi shaidar hakan a rubuce ka adana, kuma ka sa wannan kason cikin lissafinka lokacin da kake yanka farashi. Idan ka samu lambar, ka koma wa ƙungiyar nan da ta tambaye ka, domin irin waɗannan ofisoshi suna ajiye sunayen masu fassara, kuma aikinsu yana yawaita gab da damina da lokacin kamfen ɗin rigakafi.