Zazzaɓi bayan allurar baya lokacin naƙuda: wa ya san mafita?

Assalamu alaikum likitoci da ungozomomi, musamman na nan Yamai. Matsalar ita ce mai naƙuda da aka yi wa feridiral, wato allurar baya, da magungunan kashe zafi, bupivacaine 0,1% haɗe da fentanyl microgram 2 a kowane mililita, yana ɗiga mililita 10 a awa. Bayan awa 4 zuwa 6 sai zafin jikinta ya haura digiri 38, tana rawar ɗari, bugun zuciyar ɗan ya wuce 160. Gwajin zazzaɓin cizon sauro bai nuna komai ba, ruwan faya ba wari, mahaifa ba ta ciwo in an taɓa. An san feridiral kan jawo kumburi marar ƙwayar cuta, paracetamol kuma ba ya hana shi. Amma wa zai yi kasadar hana antibiyotik, tunda zazzaɓin zai iya zama na ƙwayar cuta? Ga jariri kuma ana ta soka masa allura a banza, abin yana damuna.

Don Allah, wanda ya koma ba da maganin feridiral ɗin lokaci-lokaci maimakon ya riƙa ɗiga, ko ya rage yawansa a awa, ya ga zazzaɓin ya ragu? In faya ba ta kai awa 18 da fashewa ba, wace alama kuke jira kafin ku fara antibiyotik, wato ampicilline da gentamicine?